Kyamara Don Hannu Mai Rawa

"…lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Kai ya ruwa? An ce ka sha ka ƙoshi, ko kurɓi ɗaya ba ka rago wa matarka ba."

Kakata ke nan, wadda ta haifi mahaifiyata. Tun ina goye take kirana mijinta, ni kuma da na yi baki na fara ce mata Amarya. Na same ta a bakin ƙofar ɗakinta kan kujerar roba, ta miƙe ƙafar da ke damunta bisa wani bokiti da ta kife.

Ruwan da take faɗa ba na sha ba ne. Shekara ɗaya da rabi na yi a gida bayan gama jami'a kafin na samu aikin gwaji a wani ƙaramin kamfani da ke auna yadda kogi ke cin gaɓarsa. An kakkafa sanduna masu lamba a wurare ashirin da biyu, nawa shi ne in bi su duk mako in ɗauki hoto yadda lambar za ta fito a karanta. Da wayata nake ɗauka. A mako na uku na matsa kusa don lambar ta fito sosai, sai ƙasar ta rufta da ni. Direbanmu ne ya jawo ni da wuyan riga. Wayar ta tafi. Yau kwana tara, kuma tun ranar hannuna ke rawa, ko kofi na ɗauka sai na yi ɓari. Shugabarmu ta aiko cewa ran Litinin ko in zo da kyamara mai jure fita daji, ko su ba wani gurbin. Yayana ya ce in je in zaɓa, shi zai ji da sauran. Ranar Asabar ce.

"Wannan takardar fa ta mece ce? Takardar saki ka rubuto min?"

"In na sake ki wa zai kwasa? Kyamara zan saya, na rubuta abubuwan da zan duba."

"Ba da ni ba? Miji ya sayi kaya matarsa ba ta gani ba? Miƙo min mayafina."

"Amarya, me kika sani game da kyamara? Rabonki da hoto tun lokacin da mai ɗauka ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle."

"Kyauna ne ya yi masa yawa a ido, shi ya sa ya lulluɓe."

"Ni an ce min tsoro ne."

"Tsoro? Yau kai ne za ka yi min maganar tsoro?"

Na miƙa mata mayafin.

Shagon kyamarori yana tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da wayoyin lantarki. Ciki akwai doguwar kanta ta gilashi, da fanka mai juyawa gefe ɗaya ta maƙale, da mai shago da ga dukkan alamu tun safe bai yi ciniki ba. Ya ba Amarya kujera. Tafiyar ba nisa, amma mu biyun duk muna haki, ita don shekaru, ni don kwana tara ban taka waje ba.

Na buɗe takardata. Abu na farko da na rubuta, har na ja masa layi biyu, shi ne kyamarar ta iya jawo abin da ke nesa, ninki sittin in da hali. Mai shago ya sunkuya ya fito da wata baƙa, idonta ya yi tsawon kwalba.

"Wannan kyamara ce ko injin niƙa?" in ji Amarya.

"Ita ce ta zamani. Ba irin kayanki ba."

"Da ita za ka je kogin? Wancan karon direba ya iya ciro ka ne saboda ba ka da nauyi, kamar tsumma ya tsamo. Ka rataya wannan a wuya, sai dai a aika da ƙugiya."

"Ai amfaninta ke nan. Ba sai na je bakin ruwa ba. Daga kan titi, ina jikin mota, zan ɗauko lambar."

"Daga kan titi."

"E."

"Me ya sa ba daga kan gadonka ba? Mai shago, ba ka da wadda za ta jawo masa kogin har ɗaki, yana kwance uwarsa na masa fifita?"

Mai shago ya ɗan murmusa, ya ce in gwada. A ƙetaren titi akwai allon wani mai walda da lambar waya rubuce da jan fenti. Na tsaya a bakin ƙofa, na jawo allon har ya cika fuskar kyamarar. Lambobin suka hau tsalle kamar an kunna musu kiɗa. Na danna. Na sake. Na sake. Duk ukun jan hazo kawai suka fito, ko lamba ɗaya ba a karantawa.

"Haka take," in ji mai shago. "Yadda take ƙara girman abu, haka take ƙara girman rawar hannu. Sai an ɗora ta kan mariƙi mai ƙafa uku. Kuma ba ta son ruwa, ko yayyafi."

Mai ƙafa uku a kan laka, wurare ashirin da biyu, direba na danna ham. Na ji gajiya ta sauko min tun daga wuya. Na ajiye kyamarar, na cusa hannuna a aljihu.

"Fito da shi," in ji Amarya. "Wa kake ɓoye wa? Ba ni nan."

"Ke? Naki hannun ai ya fi nawa rawa."

"Tawa rawar ta shekaru ce, da takardunta. Taka ta haya ce, kwana tara kacal har kana mana yanga da ita. Mai shago, fito da duk abin da kake da shi wanda bai fi ƙarfin yayan wannan ragon ba. Ni zan gwada. Duk wadda ta yi hoto a hannuna, za ta yi a hannun kowa."

Haka aka jera mata guda huɗu a kan kanta. Ta ɗauki ta farko, wata siririya mai sheƙi, ta kasa samun wurin dannawa.

"Ina maɓallin?"

"Fuskarta ake taɓawa, Hajiya."

"Da hannu jiƙe da laka? Wannan ta 'yan kwalliya ce. Ɗauke."

Ta biyu maɓallanta ƙanana ne kamar ƙwayar magani. Amarya ta danna uku a lokaci ɗaya, kyamarar ta yi ƙara ta mutu.

"Kin kashe musu kaya."

"Ta ga fuskarka ne ta suma."

Ta uku ta yi hoto, amma kunnen mai shago ne kaɗai ya fito, da rabin fanka.

"Madalla," na ce. "A kai wannan gidan tarihi."

"Kunne ne mai kyau. Ya fi naka, shi yana jin magana."

Ta huɗu ƙarama ce, rawaya, an kewaye gefenta da roba mai kauri, maɓallinta babba kamar na riga. Ni ko kallonta ban yi ba tun farko, ta yi min kama da kayan wasan yara. Mai shago ya ce wannan ta masu yawon daji ce: ta faɗi ba ta fashewa, ƙura ba ta shiga, batirinta na wuni, kuma tana rage rawar hannu da kanta. Don ya nuna mana, ya jawo wata robar ruwa daga ƙarƙashin kanta ya jefa ta ciki.

Culum.

Ban san lokacin da na kama bakin kantar da hannu biyu ba. Ƙarar ce kawai. Na ji sanyi a hancina da ɗanɗanon laka a bakina, kamar ranar. Amarya ta kalle ni, ta mai da ido kan fanka.

Mai shago ya tsamo ta, ya goge da gefen riga, ya miƙa mata. Ta ɗauki hoton takalmina. Har zaren da ya tsinke a bakinsa ya fito.

"Ninki nawa take jawowa?" na tambaya.

"Huɗu."

"Huɗu? Ai sai mutum ya matsa ke nan."

"To matsa mana," in ji Amarya. "Ƙafarka aka yanke?"

"Amarya, ba zan iya ba."

Ba da wasa na faɗa ba, kuma ta ji. Mai shago ya shiga goge gilashin da ba shi da datti.

Ta juya kyamarar a hannunta. "Shekara talatin da ɗaya ina yi wa jarirai allura a asibiti, ka sani. Abin da ba ka sani ba, a shekarata ta biyu wata yarinya ta cika a hannuna. Ba laifina ba ne, an kawo ta a makare. Amma wata biyu hannun nan yana karkarwa. Ga layin uwaye har waje, ga cinya kamar ɗan yatsa, ga allura. Ina zan jawo jariri daga nesa? Wata tsohuwar nas ce ta nuna min. Ka manna gwiwar hannu a haƙarƙarinka. Ka fitar da numfashi duka. Kafin ka ja wani, ka yi abin da ya kawo ka. Rawar ba ta tafi ba, wuri kawai ta rasa."

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Ana faɗa wa miji komai ne? Mai shago, da wannan 'yar rawayar, daga taku nawa za a karanta lamba?"

"Irin ta allon can? Taku goma, ko sha biyu."

"Kai da wayarka taku nawa kake tsayawa?"

"Biyu."

"Biyu! A bakin gaɓar da aka ɗauke ka aiki don tana ruftawa? Wannan digirin naka, a ina aka buga shi? Daga taku biyu ka koma bakin titi, tsakiya fa, an haramta maka ita?" Ta dangwara min kyamarar a tafi. "Ga kogi can, ga lamba. Je ka."

Kogin nata kwata ce da ta bi ta gaban shagon mai walda, cike da baƙin ruwa da ledoji. Na tsallaka titi. Na auna da ido, na tsaya inda nake ganin taku goma ne daga allon, kwatar na tsakaninmu. Na ɗaga kyamarar.

"Gwiwar hannu!" ta ƙwala daga bakin shago. "Ka buɗe su kamar kazar da za ta tashi!"

"Ki rage murya, mutane na kallo!"

"Su kalla! Su ga abin da nake aure!"

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa yana dubana. Na manna gwiwoyin hannuna har sai da haƙarƙarina ya yi zafi. Na fitar da numfashi. Yatsuna ba su daina motsi ba, amma allon ya tsaya. Na danna.

Da na dawo ta karɓe kyamarar, ta gyara tabarau, ta kai ta kusa da hanci.

"Sifili, takwas, sifili, uku… Bakwai ɗin nan a karkace take."

"Haka mai fenti ya rubuta ta. Leƙa ki gani."

"Ƙasan hoton ya yi duhu."

"Kwata ce. Kina so in wanke musu?"

"Sa'a ce kawai. Makaho ma yakan dace."

"To sake aikena. Sau ashirin da biyu in kina so."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke ƙarewa da tari.

"To, ka ci. Yau ɗaya dai ka ci. Mai shago, naɗe masa rawayar kafin ya sake karanto mana wata takarda."

Mai shago ya sa katin ajiya da batir, ya ɗauko ɗan siririn madaurin da ke cikin kwalin zai ɗaura. Amarya ta ja shi da yatsa biyu ta taɓe baki.

"Wannan zaren ko ɗinki ba zai riƙe ba." Ta cire tabaraunta, ta kwance igiyar da ke rataye shi a wuyanta, wata baƙa mai kauri da ta koɗe don daɗewa. Sau uku tana kuskure ramin jikin kyamarar kafin ta zura ta, ta ƙulle, ta ja da haƙori. "Kawo hannun."

Na miƙa. Yana rawa, nata na rawa, da ƙyar muka haɗu.

"Litinin ƙarfe nawa motarku ke tashi?"

"Bakwai."

"Za ka shiga?"

"Zan shiga."

"To igiyar nan aro ce, ba kyauta ba. In ƙasa ta sake ruftawa da kai, ka ɗaga wannan hannun sama, kada ka jiƙa min ita."

"Ni kuma fa?"

"Kai ai an riga an wanke ka. Kama ni in tashi, ƙafar nan ta yi tsami."