Rasuwar Magana-Ɗaya, Bindigar Gidan Malam Mohaman Bello

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya ƙi ɓoyuwa, Alhaji Baballe mai atamfa na unguwar Briqueterie a birnin Yaoundé yake sanar da 'yan'uwa, da abokan kasuwa na Mokolo, da duk wanda ya taɓa cin naman zabo a gidansu bai tambayi daga ina ba, rasuwar bindigarsa, Magana-Ɗaya. Ta cika ranar Asabar gab da magariba, a gonarsa ta masara da ke hayin kogin Sanaga, a kan kafaɗarsa, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya ta girmi mai ita. Mahaifinsa, marigayi Malam Mohaman Bello, shi ya zo da ita Yaoundé a naɗe cikin tabarma, tun kafin kwalta ta shigo layinsu. Harsashi ɗaya take ci. A karya ta, a ɗura mata, a rufe ta ce "ƙwas", in lokaci ya yi ta ce "tau!" sau ɗaya, ta ja bakinta ta yi shiru. Daga nan sunan ya samo asali. Malam yakan ce wanda ya kuskure da ita ya koma gida ya ci tuwo da miyar kuka, gobe ma rana ce.

An shaide ta da ƙarancin ci da ƙarancin surutu. Ba ta taɓa nuna ɗan Adam ba, ko da wasa. Zabi da zomaye da gada kuwa sun san ta, kuma ba su yi mata shaidar alheri ba. Ranar rabon gado, Yaya Aisatu, babbar yayar Baballe da ke aure a Tsinga, ta yafe kasonta a cikinta bisa sharaɗi guda. Ta ce, "Baballe, ka riƙe ta yadda Baba ya bar ta." Ya amsa da to, a gaban mutane.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga wani aladen daji, kuma ba ita aladen ya kama ba, mai ita ya kama. Dabbar nan ta mayar da gonar masara gidan ubanta. Baballe ya yi kwanto, ya auna, Magana-Ɗaya ta faɗi maganarta, aladen ya girgiza jiki kamar wanda ƙuda ya sauka wa, ya ci gaba da abin da ya kawo shi. Haka aka yi ta yi, masara tana ƙarewa, Baballe yana ramewa. Abin takaicin, naman da ko kyauta aka ba shi ba zai taɓa ba, shi ne ya hana shi barci.

Ana nan sai shawara ta zo daga inda shawara marar kyau ta saba fitowa, wato bakin tukubar masu suya. Sadisu, wanda yake da bindiga mai baki biyu da kuma baki na uku a fuskarsa, ya ce laifin harsashi ne, tsohuwar tana buƙatar babba. Aka samo babban. Aka kai mata, ta ƙi karɓa. Mai hankali, in ya ga harsashi ya ƙi shiga, ya san bindiga magana take yi masa. Baballe ya ɗauka taurin kan tsufa ne.

Sai ya kai ta wurin Gwadabe mai walda a Elig-Edzoa, mutumin kirki, gwani a ƙofar gida da ƙarfen taga, wanda bai taɓa leƙa cikin bindiga ba sai ranar. Gwadabe ya juya ta, ya hura bututun, ya ce, "Alhaji, ƙarfe ai ƙarfe ne. Sa va, ba matsala, ka zo jibi." Ya faɗaɗa mata maƙogwaro. Ta dawo gida tana karɓar babban harsashi, amma muryarta ta sauya. Maimakon "ƙwas" sai ta ce "ƙwararas". Hajiya Ma'u, uwargidan Baballe, ta jiyo daga madafa, ta ce, "Alhaji, wannan fa ba ƙarar lafiya ba ce." Ya ce me mata suka sani a bindiga.

Tsofaffin mafarauta sun ba shi shawara ta ƙarshe: bindigar da aka taɓa, a ɗaure ta a bishiya, a ja kunamarta da igiya daga nesa, a gani tukuna. Nan ne Baballe ya fusata. Ya ce bindigar da mahaifinsa ya rataya shekara da shekaru ba za a ɗaure ta a bishiya kamar akuya ba, wannan cin mutunci ne. Saboda girmamawa, ya ɗora ta a kafaɗa ya kafa kumatu.

Aladen ya zo a kan lokaci, don shi ba ya saɓa alkawari. Baballe ya yi bisimilla ya ja. Marigayiya ba ta ce "tau" ba. Ta ce "buuum!" da wata murya da ba tata ba, bututunta ya buɗe kamar ayabar da aka ɓare. Baballe ya farfaɗo yana kallon sama, gira babu, rabin gemu ya tafi, kunnen dama yana ta kiɗa shi kaɗai. Allah ya tsare ido da yatsu, an gode masa. Aladen ya ɗaga kai ya dubi abin da ya faru, ya ɗauki karan masara a baki, ya tafi. Ba da gudu ba, a hankali. Wannan tafiyar ce har yau ta tsaya wa Baballe a rai.

Ta rasu ta bar gindinta na katako da zanen yatsun Malam a jiki, da maɗaurin fata, da tsumman mai, da ƙusar da take kwana a kai. Ta bar manyan harsasai marayu, ba su da wurin shiga. Ta bar aladen daji cikin ƙoshin lafiya. Ta kuma bar Yaya Aisatu, wadda Baballe ya kasa zuwa Tsinga ya dubi idonta, don haka wannan sanarwa ita ce gaya mata.

Ba za a yi salla ba, liman ya ce ƙarfe ba ya buƙata. Za a miƙa bututun ga hukuma yadda doka ta tanada, katakon kuma ya koma kan ƙusarsa. Zaman makoki a zauren gidan Malam, kullum bayan la'asar har ranar Laraba. Za a ba da shayi da dafaffiyar masara, iyakar abin da aladen ya rage. Nama babu, kada a tambaya. Ana roƙon Gwadabe, in ya zo, kada ya ce zai iya liƙe ta.

Masu ta'aziyya su zauna ta hagun Alhaji, domin kunnen dama ya bi marigayiya. Masu niyyar cewa "ai mun faɗa maka" an shimfiɗa musu tabarma ta dama. Yaya Aisatu kuwa ta zauna inda ta ga dama, ko ta ina ta yi magana zai ji.