Wuƙa Mai Tsaga Shida Ta Rasu a Wurin Gyara

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ƙafafu cike da ciwon zirga-zirga, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tirena ya sha lemo, rasuwar wuƙar aljihun marigayi maigidana. Ta rasu a shagon masu gyaran wuƙaƙe da almakashi da ke bayan tashar mota, bayan jinyar wata bakwai. Ranar da ta cika ban sani ba, don ba su ga ya dace su gaya mini ba.

Ni ban yi makaranta ba. Babbar 'yata ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta cewa duk inda ta sassauta mini magana zan gane in aka karanta mini.

Marigayiya ta riga ni shiga gidan mijina. 'Yar ƙarama ce mai naɗewa, ƙotarta ta katako, ta yi baƙi wuluk saboda riƙo. Ba ta da surutu. In an buɗe ta, ta ce "ƙyas". In an rufe ta, ta ce "tas". Shekara arba'in da ɗaya muna tare ban ji ta ƙara kalma a kan waɗannan ba. Ta fere fensirin yara, ta yanke igiyar shanya, ta cire ƙaya a tafin ƙafa. Bayan maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ita ta riƙe gidan. Da ita nake fere lemo a bakin titi, ɓawo ɗaya tun daga sama har ƙasa ba ya tsinkewa. Mutum ɗaya ta taɓa yanka a rayuwarta, ƙanin maigidana da ya ɗauke ta ba izini, kuma ba wanda ya ga laifinta.

A jikin ƙotarta akwai tsaga shida. Duk haihuwar da na yi, maigidana sai ya ari wuƙar maƙwabci ya yi mata tsaga ɗaya. Shi ma bai iya rubutu ba, wannan ne littafinsa. Biyar suna raye, ta farkon ce ma ke riƙe da biron nan. Na huɗu kwana tara ya yi a duniya. Ba shi da hoto, ba shi da takarda, ƙannensa ba su san fuskarsa ba. Tsagar nan kaɗai yake da ita, kuma daidai kanta babban yatsana ke sauka in ina fere lemo.

Ciwon ajalinta ba wani ciwo ba ne. Ƙusar da ke riƙe bakinta ce ta yi sako-sako, bakin ya soma rawa, "ƙyas" ɗinta ya koma "ƙaras". Na kai ta shagon da ƙafata. A bayan kantar shagon na tarar da wani mai gemu, babba da shi, yana latsa waya. Na ce, "Ɗan nan, ƙusar kawai za a ɗaure." Bai ɗago ba. Ya turo mini wata takarda ya ce in dangwala yatsa, na dangwala. Ya ce, "Gobe da safe, Mama." Tun daga nan sunansa ke nan a bakina, Gobe-da-safe, don har yau ban ji wani ya kira shi da abin da ya fi wannan dacewa ba.

Na koma gobe da safe. Mai gyara ya fita cin abinci. Na koma Laraba, ba wuta. Na koma wani mako, wuta ta zo amma mai gyara bai zo ba, matarsa ta haihu. Bayan wata uku matar ta sake haihuwa. Na yi masa barka sau biyu, ban taɓa ganin fuskarsa ba. An ce ƙusa irin tata sai an aiko da ita daga nesa. An ce lambar takardata ba ta cikin littafi, sannan aka ce tana ciki amma littafin ne ba ya nan. 'Yata ta kira lambar da ke jikin allonsu, waya ta yi ta yi mana kiɗa har dodon kunnenmu ya gaji, aka kashe. Duk wannan lokaci da wuƙar kicin nake fere lemo, ɓawo yana fita guntu-guntu kamar ɓera ya ci, masu saye suna tambayata ko lafiya.

A wata na bakwai Gobe-da-safe ya miƙo mini wata aba a leda, yana murmushi karon farko. Baki sabo, ƙusa sabuwa, ƙota ta jar roba. Ɗan zoben da ake rataye ta da shi kaɗai na gane. Na buɗe ta, ba ta ce komai ba.

Na ce, "Wannan 'yar waye?"

Ya ce, "Taki ce, Mama. Mun yi miki ƙoƙari, sabuwa fil."

Na ce, "Ina ƙotar?"

Ya ce, "Wannan ruɓaɓɓen katakon duk ya tsattsage? Ai tsarinmu ke nan, duk abin da ya tsufa sauyawa muke yi. Ga shi nan a rubuce, kin ma sa hannu."

Ya nuna mini yatsana a jikin takardar. Shi ne kuwa, babban yatsan nan dai. Na ce me ya hana shi karanta mini tun ranar. Ya ce ban tambaya ba.

Tsofaffin kayan da suke cirewa, in ji shi, suna cikin wani duro a ɗakin baya. Makullin yana hannun mai shago, mai shago ya yi tafiya, kuma ƙarshen kowane wata mota na zuwa ta kwashe duron. Ko an riga an kwashe nata bai sani ba. Na ce ya duba mini. Ya ce gobe da safe.

Marigayiya ta bar dutsen washi guda, wanda ya yi rami saboda ita kuma yanzu ba ya amfanar kowa, tire ɗaya, 'ya'ya biyar da jikoki da yawa, ɗan zobenta da aka maƙala wa baƙuwa, da kuma ni. Baƙuwar na mayar musu, tana kan kantarsu cikin ledarta. Ban tsane ta ba, ba ita ta kawo kanta ba.

Jana'iza ba za ta yiwu ba sai an saki gawa. Saboda haka za a yi zaman makoki a ƙofar shagon, daga buɗewa har rufewa, kullum, farawa daga Litinin. Na riga na auna wurin tabarmata, tana rufe rabin ƙofa. Masu ta'aziyya su zo da kujerarsu. Wanda yake da takardar shagon nan a aljihu ya zo da ita, akwai mai karanta mana da ƙarfi. Duk wanda ya zo da wuƙa ko almakashi don gyara, zan tare shi in ba shi tarihin marigayiya tun daga farko, ba na gajiya. Direban motar ƙarshen wata kuma ya sani a bakin ɗakin baya zai same ni.

Ba na neman a ba ni haƙuri, ina da nawa. A buɗe duron a juye shi a gabana. Ko ƙota ɗari ce a ciki ba sai an taya ni nema ba, zan rufe ido in bi su da yatsa. Za a kwantar da ita a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, kusa da hular maigidana da tabaransa.

In na ƙirga na kai shida, zan naɗe tabarmata in tafi gida.