Sabon-Shiga Mai Tattalin Lokaci

Wani ne fa, mutumin kirki, ba ruwansa da rigima, amma Allah ya zuba masa son gaisuwa. In ya tare ka a hanya sai ya tambayi maiɗakinka, da yara, da mai tari a cikinsu, da akuyar da ka sayar bara. A kan gaisuwa ya rasa aikin kanti. A kanta ya rasa aikin gadi, don an ce har ɓarawon da ya hauro katanga sai da ya tambaye shi ya mutanen gida.

Mijin yayarsa makanike ne a wani kamfani mai kai wa mutane saƙo gida-gida. Shi ya tsaya masa aka ɗauke shi direba. Ya ja shi gefe ya ce, “Ka ga, na sa bakina a maganar nan. In ka kunyata ni, yayarka ba za ta bar ni ba, kai ma ba za ta bar ka ba.”

“Haba Yaya, ai na yi hankali.”

Matarsa kuwa ta goge masa rigar kamfani har kwalar tana iya yanka hannu. Ta shanya ta a ƙofar ɗaki don maƙwabta su gani. Ta ce masa, “Na gaya wa kowa ka samu aiki. Don Allah ka bari a saba ganin ka da rigar tukuna.”

Da safe ya isa ma'ajiyar kamfani. Kwalaye ko'ina, direbobi na ta lodi da gudu-gudu. Suna ganin sa suka laƙa masa suna Sabon-Shiga. Manaja wani gajere ne mai ƙaton agogo, ba ya gama magana sai ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da yatsa. Ya miƙa masa waya da makullin mota ya ce, “Aikin nan lokaci ne. Wayar nan za ta nuna maka gidan kowa. In ka miƙa kaya, ka ɗauki hoto a ƙofar gidan. Ba hoto, ba ka kai ba. Yau gwaji ne. In ka dawo mini da motar nan wayam kafin a rufe ƙofa, aiki ya zama naka.”

“To, yallaɓai.”

“Kuma an gaya mini ciwonka. Ban da gaisuwa. Ka isa, ka miƙa, ka ɗauki hoto, ka juyo. Bakinka a rufe.”

“An gama, yallaɓai. Ya iyali?”

Manaja ya ƙwanƙwasa gilashin agogo. Gogan naku ya kama leɓensa da yatsu biyu, ya faɗa mota.

Gidan farko na wata tsohuwa ne. Ɗanta ya aiko mata da fanka mai tsayuwa. Ya ƙwanƙwasa, ta buɗe.

“Maraba, maraba. Sannu da rana, ɗan nan.”

Gaisuwa ta taso masa tun daga ciki har maƙogwaro. Ya haɗiye ta. Ya miƙa kwali.

“Ya hanya?”

Ya gyaɗa kai.

“Ya mahaifiyarka?”

Nan fa idonsa ya kawo ruwa, don tunda yake ba a taɓa tambayar mahaifiyarsa ya yi shiru ba. Tsohuwa ta dafa ƙirji.

“Allah sarki. Yaro kyakkyawa haka, ashe bebe ne. Amma kana ji ko?”

Ya gyaɗa kai.

“To shigo mini da ita ciki, bayana ba ya ɗaukar nauyi.”

Ya shiga. Ta ce ya taimaka ya haɗa mata fankar. Ya zauna a ƙasa da ƙusoshi a tafin hannu. Ta zuba masa shayi. Ta jawo kujera kusa da shi, ta leƙa taga, ta rage murya.

“Ɗan nan, shekara da shekaru ina neman wanda yake ji amma ba ya faɗa. Yau Allah ya kawo mini kai.”

Ta fara da matar ɗanta, wadda ko ruwan zafi in ta dafa sai ya ƙone. Ta gangaro kan ƙanin mijinta. Daga nan ta sauka kan maƙwabciyarta. Haƙoran nan da take ta washewa a unguwa na roba ne. Sarƙar da take taƙama da ita ta aro ce. Kazarta da ta ɓace kwanakin baya, ake ta zargin muzuru, to ba muzuru ba ne. Tsohuwa ta shafa cikinta, ta kashe masa ido ɗaya.

Gogan naku yana ta ɗaura ƙusa yana gumi. Waya a aljihunsa ta yi ƙara, ta sake yi. Ya zaro, ya ga allon ya yi ja, wai an bar shi a baya. Ya miƙe.

“Iya, don Allah ki tsaya a ƙofa in ɗauki hoto.”

Kofi ya tsaya a hannun tsohuwa tsakanin tebur da baki.

“Kana magana?”

“Ina yi, Iya. Manaja ne ya hana.”

Ta tashi da saurin da ba ka zaci mai ciwon baya za ta iya ba. Ta murza makulli, ta soke shi a zani.

“Ba inda za ka sai ka gaya mini abin da ka ji.”

Shi kuma ba ya ƙarya, ga baki ya daɗe a ɗaure. Sai ya kwance shi gaba ɗaya. Ya jero mata komai daki-daki, da muryarsa ta mai gadi. Ruwan zafi, ƙanin miji, haƙoran roba, sarƙar aro. Yana zuwa kan kaza sai aka ji murya ta taga. Maƙwabciya ce, tana shanya a bayan katanga.

“Ashe ke ce muzurun?”

Tsohuwa ta buɗe ƙofa don ta mayar da martani, ga maƙwabciya har ta zagayo. Gogan naku ya bi ta gefenta ya fice. Ya juyo ya ɗauki hotonsu a bakin ƙofa, kowacce ta nuna 'yar'uwarta da yatsa, fanka a tsakiya. Waya ta karɓa.

Ya zauna a mota ya duba. Rana ta take tsaka, kwali ɗaya ya sauke, mota cike har rufi. Ya tuna mijin yayarsa, ya tuna rigar da aka shanya a ƙofar ɗaki. Ya dafe kai. Can sai ya yi murmushi.

“Ni ɗaya ne, su kuwa da yawa. Me zai sa mutum ɗaya ya bi jama'a gida-gida? Jama'a su zo wurin mutum ɗaya mana. Kai, manyan nan ba sa tunani.”

Ya samu wata bishiya kusa da shataletale, inda wani mai facin taya yake da rumfa. Ya ajiye mota a inuwa. Ya bi lambobin da ke cikin waya yana kira, kowa magana ɗaya.

“Kayanka sun iso. Ka zo wurin mai faci na shataletale yanzu-yanzu. Maganar gaggawa ce.”

Kit, ya kashe. Ko sallama babu. Shi kansa sai da ya yaba wa kansa.

Mutane suka ji an ce gaggawa, kowa ya saki abin da yake yi. Tela ya zo da igiyar awo a wuya. Wata malamar makaranta ta zo da alli a hannu, ta bar aji a hannun Allah. Wani ya taso daga kujerar aski, rabin kansa fes, rabi daji. Kafin ka ce me, gindin bishiya ya zama kasuwa. Mai faci ya ɗauka ciniki ne ya buɗe, har ya tashi ya karkaɗe benci.

Gogan naku ya hau kan wata tsohuwar taya ya ce kowa ya yi layi. Ya zaro wani kwali da ke baki-baki, aka yi sa'a na tela ne. Ya miƙa masa, ya ɗauki hoto. Waya ta yi ja. Ya sake ɗauka. Ta sake yin ja, ta rubuta masa cewa nan ba ƙofar gidan mai kaya ba ce.

Ya karɓe kwalin daga hannun tela.

“Yi haƙuri, maigida. Waya ta ƙi.”

“Ta ƙi me?”

“Ta ce sai a ƙofar gidanka.”

Mai rabin aski ya matso. “Malam, ba mu kayanmu, ka riƙe hotonka.”

“A'a. Ni mai bin doka ne.”

“Wace dokar ce ta ce ka tayar da ni daga aski?”

“Wannan ba doka ba ce, dabara ce.”

Hayaniya ta kaure. Tela yana cewa ya bar wanda yake aunawa tsaye da hannu a sama. Wata mai goyo tana cewa ta bar tukunya a wuta. Ga hadari ya fara haɗuwa, iska tana kwasar leda. Malama ta ɗaga murya irin ta aji, kowa ya yi tsit.

“Ka fito da mu, ka hana mu kaya, ga ruwa zai sauko. To sai ka mayar da mu inda ka same mu.”

Ya duba mota, ba wurin da ko kyanwa za ta zauna. Ya duba jama'a. Ya cire hula.

“Kun fi ni gaskiya. A taya ni sauke kaya.”

Aka jibge kwalaye a rumfar mai faci, aka lulluɓe da tamfol. Malama ta ce ai sai kowa ya nemo nasa ya riƙe a cinya.

“Malama, tona tulin nan ɓata lokaci ne. Sawu biyu zan yi. Ku na farko, kaya na biyu. Mutum ai ya fi kwali daraja.”

Ɗigon farko ya faɗo wa mai rabin aski a ɓangaren da aka aske. Ba wanda ya sake musu. Aka dunguma cikin mota.

To, manaja gaisuwar kai kaya ya hana, waɗannan kuwa mutane ne. Don haka duk ƙofar da ya tsaya sai ya fito ya rama bashin bakinsa. Ya gaida matar tela. Ya duba tukunyar mai goyo, ya yi mata jaje. Ya raka malama har ƙofar aji, yara suka miƙe suka gaishe shi, ya amsa wa kowa da kansa. Na cikin mota suna buga ƙarfe, shi yana cewa, “Yanzu, yanzu, saura kakarsu.”

Yana sauke na ƙarshe, waya ta yi ƙara, wai lokacin rufe ƙofa ya gabato. Ya waiga baya. Mota wayam. Zuciyarsa ta yi fari. Ya take mai.

Shi ya fara shigowa ma'ajiya, duk tsofaffin direbobi suna bayansa. Manaja ya buɗe bayan mota, ya leƙa, ya dubi agogo, ya sake leƙawa. Ba komai sai takalmin yaro ƙafa ɗaya. Ya tara ma'aikata.

“Ku dubi Sabon-Shiga. Ranar farko, cikin ruwan sama. Wasu a nan sun tsufa a aikin nan ba su taɓa yin haka ba.”

Mijin yayarsa ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu, baki har kunne. “Ƙanina ne,” yake gaya wa kowa. “Ni na kawo shi.”

Wayar ofis ta yi ƙara. Manaja ya ɗauka yana murmushi. Tela ne. Ya ce direbansu yaron kirki ne, har ƙofa ya sauke shi, amma yaushe ne sawu na biyu? Manaja bai gama fahimta ba, wata wayar ta yi ƙara. Malama ce. Sai ta aljihunsa. Mai faci ne, ya samo lambar a jikin kwali, yana so ya rufe rumfa, kuma akwai wani kwali da yake ɗiga.

Manaja ya ajiye wayoyi a hankali. Mijin yaya ya koma ƙarƙashin mota ba tare da an ce masa komai ba.

“Ina kayan mutane?”

“Suna wurin mai faci, yallaɓai. A lulluɓe.”

“To me ka yini kana kaiwa?”

“Masu kayan.”

“Masu kayan.”

“Kowa har ƙofarsa. Ba wanda ya fashe, ba wanda ya jiƙe.”

Manaja ya zauna a kan wani kwali. Ya cire agogon ya sa a aljihu. Sannan ya yi magana, murya can ciki.

“Ka ɗauki motar nan. Ka je ka kwaso kayan nan. Ka bi gida-gida, ka ba kowa nasa a hannunsa. Ka ji ni?”

Gogan naku ya leƙa titi, ya ga motoci sun yi cirko-cirko. Ya girgiza kai, ya zaro waya.

“Da wannan cunkoson, yallaɓai? Bari in kira su su zo wurin mai faci, zai fi sauri.”