Mai Silifas a Ofishin Lauyan 'Yan Koriya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya kusa raba ni da lasisin tuƙi. Ni direban babbar mota ne, ina kai kayan miya daga wani sito a Laurel zuwa kantuna. Mai kamfanin wata tsohuwa ce 'yar Koriya, Mama Kim muke ce mata. Ba ta dariya. In ka makara, kallo ɗaya za ta yi maka ka raina kanka.

Wata rana wata ƙaramar mota ta faɗo min a mahaɗar hanya a Wheaton, ɗan sanda ya ce ni na keta jar wuta. Aka sa ranar kotu. In alƙali ya yarda da shi, lasisina ya tafi, ni kuwa ban da sitiyari ba abin da na iya (ko firamare ban ƙarasa ba).

Mama Kim ta ce in je wurin lauyansu. A masallaci abokai suka ce, "Alhaji, kada ka kai kanka. Lauyan 'yan Koriya nasu yake wa aiki. Nemi Bature mai furfura." Na dai je, don kada tsohuwa ta ce na raina ta, amma zuciyata cike da zargi.

Ofishin duk rubutun yaren Koriya ne a bango. Ba kowa sai wani baƙin mutum, baƙi kamar ni, sanye da silifas, yana ba fulawa ruwa. Na ji sanyi a raina. Na ce wannan mai shara ne, kuma namu ne.

Ya zuba min wani shayi mai ƙanshin gasasshen hatsi, ya miƙo da hannu biyu. Ni kuwa na gyara zama, na buɗe baki.

"Ɗan'uwa," na ce masa da guntun Turancina, "tsakani da Allah, mutanen nan suna taimakon baƙar fata? Ni na san su. Kansu kawai suka sani. Tsohuwar nan ta turo ni ne don su haɗa baki da lauya su ɗora min laifi, kamfaninta ya fita."

"Haka kake gani?" in ji shi.

"Gani? Ai sani na yi. Kai ma in ka samu wani aikin, gudu." (Har shawara na ba shi, jama'a. Kyauta.)

Ina cikin zuba sai ga wata 'yar tsohuwa 'yar Koriya ta shigo da kwanon abinci a ɗaure cikin ƙyalle. Mutumina ya rusuna har kusan gwiwa, ya kama yarensu tiryan-tiryan kamar ruwan famfo. Ita kuma tana masa faɗa tana gyara masa wuyan riga. Da ta fita ya juyo.

"Mahaifiyata ce. Wai ban ci abinci ba. Bismillah, shigo ciki mu duba maganarka. Ni ne lauyan."

Na ajiye kofin shayin. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na fara kame-kame, wai wasa nake. Ya yi dariya, ya ce in kwantar da hankalina, ya ji wadda ta fi wannan. Ubansa baƙar fata ne ɗan ƙasar nan, uwarsa 'yar Koriya. Da ya buɗe ofis, tsofaffin 'yan Koriya sukan shigo su dube shi su ce, ina lauyan? Wasu su ce bai cika ɗan Koriya ba, wasu kuma su ce su Bature suke so, shi alƙali ke jin maganarsa.

Nan kunyata ta ninku. Ni fa a Zangon Kumasi aka haife ni. A can ana ce mana baƙi, da na je Kano wurin dangin babana aka ce ga ɗan Gwanja. Na san ɗacin abin sarai, amma ga ni na ɗebo shi na zuba wa wani.

Sannan ya ƙarasa ni. Ashe Mama Kim ta riga ta kira shi. Ta ce wannan direban ba ya ƙarya, in aka karɓe lasisinsa 'ya'yansa za su ci me? Ita ce ma ta tuna masa akwai kyamara a gaban motar.

Hoton kyamarar ya nuna wa alƙali koriyar wuta na bi. Na fito da lasisina. Har yau lauyan bai gaya wa Mama Kim abin da na faɗa ba, na tabbata, don har yanzu irin kallon da ta saba take min, bai ƙaru ba.

Da sallah na kai wa kowannensu kilishi, na miƙa da hannu biyu. Allah ya saka musu. Yanzu in na shiga wuri na ga mutum da silifas, gaisuwa kawai nake yi, in ja bakina in zauna. Wanda ya fi kowa sakewa a ofis, galibi shi ne mai ofishin.