Yadda Ake Rufe Bakin Kwata da Fenti

Wannan darasi naka ne, kai mai shago, da ka dubi kwatar da ta bi ta gefen shagonka, ka ga fili ne ake ta asararsa a banza, ka zuba mata kankare, ka ɗora sito a kai ka cika shi da katan-katan na lemo. Damina ta kankama, ruwa ya zo wucewa ya tarar an rufe masa hanya, ya juya ya shiga ɗakunan maƙwabta. Yanzu ya janye, katifu na shanye a kan katanga, mutane sun fara tambayar juna: wai me ya hana ruwan nan wucewa bana?

Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari ba mai taɓa sitonka, kuma unguwa za ta gode maka. Har yau ba wanda ya bi shawarata ya dawo mini da ƙorafi. Gaskiya ban cika daɗewa a unguwa ɗaya ba, amma wannan wata magana ce.

Mataki na ɗaya: Riga kowa jimami

Fito da sassafe ka tsaya a bakin layi, hannu a ƙugu, kana girgiza kai. Duk wanda ya zo wucewa ka tare shi da jaje kafin ya tare ka da tambaya. Ka ce, “Sauyin yanayi ke nan, duniya ce ta rikice.” Riƙe kalmar nan da kyau. Faɗi gare ta, sito nawa ma za su ɓuya a bayanta.

In an matsa, ɗora laifin a kan ledojin da mutane ke watsarwa a titi. Ba ƙarya ka yi ba. Cewa yawancinsu daga shagonka suka fito, ba wanda ya tambaye ka.

Abu ɗaya za ka kiyaye: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ka ji wani ya ambaci kwata, kada ka zabura. Haɗiye yawu, ka gyara tsayuwa, sannan ka tambaye shi jikin tsohuwarsa.

Mataki na biyu: Ba da bango tun ba a roƙe ka ba

Ba za a jima ba malamar zane ta makarantar bayan layi za ta zo da shawara. Za ta ce unguwa ta haɗu a yi zane a bango, kowa ya sa hannu, manya su sauke abin da ke zuciyarsu, yara su daina maƙalewa in sun ji tsawa, a kuma tuna wa jama’a kula da muhalli. Bango kawai take nema.

Nan sa’arka take. Miƙe tsaye ka ce, “Malama, ga bangon shagona, daga ƙofa har ƙarshen sito. Fentin ma ni zan saya.”

Ga hikimar: mutum zai iya sa guduma a ginin maƙwabcinsa, amma ba zai sa ta a kan furen da ’yarsa ta zana ba. Kowane buroshi da aka goga, ƙarin gadi ne ka samu kyauta.

Za ta shafa bangon ta ce, “Kawu, da sauran danshi. Da an bari ya sha iska.”

Ka dafa ƙirji ka ce, “Malama, bango zai iya jira, amma zukatan bayin Allah ba za su iya ba.” Za ta ji kunya. Gobe a fara.

Mataki na uku: Tura muhalli nesa

Za a zauna shawarar abin da za a zana. Goyi bayan tsuntsaye, duwatsu, kifayen teku, da duniya zaune a tafin hannu tana murmushi. Ƙa’idar ita ce, muhalli ya fi kyau in yana nesa da gida. In wani ya ce a zana layinku yadda yake a da, ka ce, “Layin nan kullum muna ganinsa, me ya yi mana?” Za a yi dariya, a wuce wurin.

Cika bangon da tsuntsaye iyakar iyawarka.

Mataki na huɗu: Kada ka hana Yaya Tela wuri

A kowace unguwa akwai mutum ɗaya da ba a iya ce wa a’a. A taku Yaya Tela ce, mai ɗinki a ɗakin da ke ƙasan gangare, wadda ruwa ya fi yi wa ɓarna. Kekenta ya yi tsatsa, yadukan mutane sun rine juna, duk ba ta karaya ba. Abin da ya karya ta shi ne hoton marigayi mijinta, guda ɗaya tak da take da shi. Ruwa ya shiga ta bayan gilashi ya wanke fuskar, ya bar kwalar riga da farin wuri.

Za ta zo da mayafinta da ’yar muryarta ta ce, “Malama, in da ɗan wuri, ina so a sa mini Malam, maigidana.”

Ka riga kowa cewa, “Haba Yaya, har sai kin roƙa?” Sai dai da ka waiwaya za ka ga tsuntsayenka sun cinye ko’ina. Wurin da ya rage ɗaya ne, bangon sito. Yi murmushi. Ka tuna hikimar mataki na biyu, ka gaya wa kanka ma gara haka: wa zai rushe mamaci?

Mataki na biyar: Hana hira

Wannan ya fi kowanne wuya, don illar aikin gayya ke nan: hannu na fenti, baki na tafiya.

Yaya Tela za ta ɗauki alli ta tsaya gaban bango. Za ta zana, ta goge, ta sake zanawa, sannan hannunta ya sauka. “Na yi zaman shekaru da mutumin nan,” za ta ce, “yau na rasa yadda hancinsa yake.”

Mai aski zai ajiye bokitinsa. “Yaya, kan nan ni na san shi. Kunnen hagu ya ɗan fi na dama fita, kullum sai na kauce masa.”

“Da wushirya,” in ji mai gyaran babur. “In ya zo ya ce a duba masa birki ba ko sisi, ita yake fara nuna mini.”

Mai wanki da guga zai ce aljihun gaban rigarsa kullum a zube yake saboda tarkace. Wata maƙwabciya za ta ce a rage girar, an mai da shi mafaɗaci. Malama na bin bakinsu da buroshi. Kafin rana ta karkata, sai ga mutum ya fito a bangonka yana kallon layi. Yaya Tela za ta zauna a kan bokitin fenti tana dariya, hawaye na zuba, tana cewa, “Shi ne. Wallahi shi ne.” Ba zan ɓoye maka ba, ko ni da nake koyar da rashin kunya, irin wannan wuri yana taɓa ni. Amma ba don a taɓa ka kake karatun nan ba, saboda haka buɗe kunne, haɗari na tafe.

Wani zai ce hannun ya yi wayam. “Da damina ai ba a ganin Malam ba shebur.”

“Haka ne. Shi ke yashe kwatar layin nan duk shekara, ba wanda ya sa shi.”

“Daga ina ma yake farawa?”

“Daga nan,” in ji mai aski, ya nuna ƙasa. Idanu za su bi yatsansa su sauka a kan kankarenka.

Kada ka tsaya tunani. Shiga sito da gudu ka fito da lemo mai sanyi, ka raba wa kowa kyauta, har da masu wucewa. Baki cike ba ya tambaya.

Mataki na shida: Yi jawabi

Ranar da aka gama, sa rigarka mai kyau. Yi magana a kan juriya da haɗin kai, ka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In za a ɗauki hoto, tsaya daidai gaban bakin shebur ɗin da aka zana, don ko ka lura ko ba ka lura ba, ƙasan sitonka yake nunawa.

Mataki na bakwai: In fenti ya fara kumbura

Za a sake yin ruwa, ba ma mai yawa ba. Zai shige ƙarƙashin sito ya kwanta, bango ya yi ta sha. Tsuntsaye da kifaye ba abin da zai same su. Malam ne zai fara tashi: takalmi, sannan shebur, sannan riga.

Zagi masu yin fenti, ka ce yanzu komai jabu ne. Sayo wani gwangwani ka riƙa ɗan liƙe wurin kafin layi ya tashi. Ka guji fuska, ba hannunka ba ne, za ka mai da bawan Allah wani mutum dabam.

Yaya Tela ta saba tsayawa kowace safiya in za ta wuce, ta ce, “Malam, ina kwana.” Wata safiya za ta tarar kuncinsa ya ɓare ya faɗi. Za ta sunkuya ta tsince ɓawon fentin ta ƙulle a bakin mayafi. Kai kuma ka duƙufa kan jera kwalabe, kada ka ɗago. Mai aski zai zo ya ɗora tafinsa a bango, ya dubi tafin, ya ce, “Ruwa dai ba ya tsami banza.” Ka ce masa gaskiya ne, ka tambaye shi kasuwa.

Mataki na takwas: In Yaya Tela ta zo da shebur

Na gaske nake nufi, na marigayi, wanda ya daɗe jingine a bayan ƙofarta. Mai aski na biye da ita, mai gyaran babur na saɓe da guduma, Malama na can baya. Ba wanda zai ɗaga murya. Ita za ta fara gaishe ka.

“Ƙanena, ina kwana? Ya ciniki?”

Gwada sauyin yanayi. Za ta saurare ka har ka gama, don mace ce mai ladabi. Daga nan fito da makaminka na ƙarshe, wanda ka sayi fenti dominsa. Sassauta murya ka ce, “Yaya, ni ba ta sito nake ba. In aka taɓa bangon nan, Malam zai tafi. Ba ki da wani hoton.”

Za ta dubi abin da ya rage na fuskar.

“Ya tafi,” za ta ce. “Da ni kaɗai na riƙe shi, har ya suɓuce mini. Yanzu kunne na wurin mai aski, haƙori na wurin wancan, duk layin nan kowa na da rabonsa. Ma sake haɗa shi a busasshen bango.” Sannan ta miƙo maka shebur ɗin. “Kuma ka san halinsa. Ya ga kwata a toshe, ai ba zai iya tsayuwa a bango ba. Ungo, ka fi ni ƙarfi.”

Iya ilimina ya tsaya nan. Karɓa da hannu biyu. Ka roƙi arziki a bar ka ka fara kwashe lemonka.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a kantar da za ta fito maka a tafi, ko ciwon baya, ko warin da zai taso in an ɗaga kankare, ko ledojin shagonka da za a yi ta zaƙulowa a gaban jama’a. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni kuwa ban ja ba. Na ce ba mai taɓa sitonka, kuma ba wanda ya taɓa, kai ka fara kai masa guduma da hannunka. Na ce unguwa za ta gode maka, ga su nan tsaye a kanka suna yi maka sannu da aiki. Saboda haka kada ka neme ni.

In ka gama, wanke shebur ɗin kafin ka mayar mata. Malam bai taɓa jingine shi da laka ba.