Sawun Surukina a Cikin Leda

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da cokalin shayi da 'yar ledar yashi suka kusa raba ni da matar da nake aure yau. Ko yanzu da nake ba da labarin sai da na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Ni mai gyaran lantarki ne a kamfanin siminti na Malbaza, amma in na tashi aiki ina da wata sana'a da ba ta kawo ko dala: fentin 'yan sojojin roba. Ƙanana ne, kowanne bai wuce gaɓar babban yatsa ba. Wani abokin aikina ɗan Togo ya koya mini, da zai koma gida ya bar mini su cikin gwangwanin madara, haɗe da wani burushi siriri kamar gashin ido. Sai in zauna in yi wa wannan hula, in yi wa wancan gashin baki, ina riƙe numfashi don kada hannu ya goce. Ran Lahadi in kwashe su in tafi Konni wurin abokina Sani, mu jera su, mu jefa ɗan ludo, mu yi ta gwabza yaƙi har la'asar. Ba kuɗi ake sawa ba, wanda ya ci sai dai ya cika baki. (Eh, na haura talatin a lokacin. Na san abin da ke ranka, an sha faɗa mini shi.)

To, soja ba ya yaƙi a kan tebur haka kawai, sai an yi masa fili. Nawa filin tsohon ƙyauren ƙofa ne. Tuddai na yanka su daga soson katifa na shafe da siminti, itatuwa busassun rassan geza ne, ciyawa garin katako ne da na rina kore, rijiya kuma murfin kwalba. Abin da ke ba da wuya shi ne ƙasa. Yashin da kake takawa kullum, in ka zuba shi kusa da ɗan soja, kowace ƙwaya sai ta zama dutse. Dole sai mai laushi, mai kalar da ta dace. Neman wannan ya sa mini wata cuta: duk inda na nufa kaina a sunkuye yake, cokali da leda ba su rabuwa da aljihuna. Mutane kuwa suna ta yabona, wai yaro mai kunya, ba ya ɗaga ido ya dubi manya. Ban taɓa gyara musu ba.

Balkisa, wadda nake nema da aure, malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Malbaza, amma gidansu yana Badaguishiri. Ta san da sojojina, har takan taya ni zaɓen kala. Sai dai da aka sa ranar da zan je gaida iyayenta, ta ja mini kunne.

“Don Allah ka bar yaranka a gida,” in ji ta. “Baba ba ya son shirme. Goggo Tamo kuwa, ƙanwarsa, ko inuwarta ba ta yarda da ita ba.”

Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ni ba yaro ba ne. Da safen tafiya kuwa na tuna ina son in nuna mata kwamandan da na gama fenti, sai na jefa shi cikin kwalin ashana tare da wasu biyu da ban gama ba, na cusa a aljihun babbar riga. Na ce wa kaina, wa zai leƙa aljihun mutum?

Ƙarshen damina ne. Na ɗauki Kawu Illa, ƙanen mahaifina, a moto, wato babur, muka tafi. Gaisuwa ta yi kyau ƙwarai. Baba Mahamadu, mahaifin Balkisa, dattijo ne mai farin gemu da jar hula, manomin albasa, ba shi da yawan magana. Ya tambayi aikina, ya tambayi asalinmu, Kawu yana ta zuba bayani, ni kuma ina durƙushe ido a ƙasa. Har na ji wani maƙwabci yana cewa, “Wanga yaro akwai ladabi.” Da muka tashi, Baba ya rako mu ƙofar zaure ba takalmi, don ya riga ya tuɓe su zai yi alwala. Ya tsaya ya yi mana addu'a, ya koma ciki. Kawu ya ce in jira shi, zai leƙa wani tsohon abokinsa a bayan masallaci.

Nan fa idona ya faɗa kan yashin ƙofar gidan. Jama'a, ban taɓa ganin irinsa ba! Ruwan damina ne ya wanko shi daga tudu ya shimfiɗa, ja-ja, lukwi kamar an tankaɗe da rariya. Na daɗe ina neman irinsa don gindin tudun da ke tsakiyar filina. Na dubi hagu, na dubi dama, ba kowa. Na tattare babbar riga, na tsuguna, na zaro cokali. Wallahi ban lura ba cewa inda ya fi laushi, inda nake ta kwarfa, daidai nan ne dattijon ya tsaya. Sawunsa ne raɗau, har da yatsu, ni kuma na riga na kwashe diddigen.

“Innalillahi! Mi kaka yi nan?”

Na ɗaga kai. Wata tsohuwa ce tsaye da ƙwarya a hannu, ido waje. Ba sai an faɗa mini ba, na san Goggo Tamo ce. Mai hankali zai miƙe ya yi bayani. Ni kuwa sai na yi wuf na tura ledar cikin aljihu, na ce, “Ba komai, Goggo.”

“Ba komai? Sawun yayana ka kwasa ka ce ba komai? Ina za ka kai shi?”

Sai lokacin abin ya faɗo mini. Kowa a ƙasar nan ya san mai ɗaukar sawun mutum wurin boka zai kai, a juya mai sawun yadda ake so. Ga ni kuma mai neman ɗiyar mutumin. Cikin ruɗewa na faɗi gaskiya tsagwaronta, wadda da ma na yi shiru: “Sojojina zan zuba wa.”

Goggo ta saki ƙwaryar, ta ɗora hannu a ka. “Mahamadu! Fito! Har runduna gare shi!”

Kafin in haɗiye miyau an mai da ni zaure. Maƙwabta sun cika ƙofa, an nemo Kawu Illa yana haki. Baba Mahamadu ya zauna a kan buzunsa, bai ɗaga murya ba, ya ce in fito da duk abin da ke aljihuna in aje a tabarma.

Na fara fitarwa. Cokali. Ledar jan yashi. Wata ledar ta baƙar ƙasa da na ɗiba a hanyar Tajaye tun makon jiya na manta da ita. (“Na wani bawan Allah ne wannan,” in ji Goggo.) Ɗan ludo. (“Ga caca kuma!”) Sai kwalin ashana. Na so in bar shi a rufe, Baba ya yi mini nuni da haɓa. Na buɗe. Soja na farko ba shi da kai, don ban riga na manna masa ba. Na biyu yana tsire a kan ƙusa, yadda nake riƙe su in zan yi fenti. Na uku shi ne kwamandan, wanda na ɓata kwanaki ina ƙawata shi. Na yi masa farin gemu. Na yi masa jar hula.

Kowa a zauren ya dubi kwamanda, ya dubi Baba Mahamadu, ya sake duban kwamanda. Na rantse ban taɓa ganin dattijon ba sai ran nan, amma ko ni da na haɗa su sai na ga kamar an tsaga kara. Na juya wurin Kawu Illa neman ceto, sai na ga ya ɗan matsa gefe yana cewa, “Ni dai Allah ya sani, ban san shi da wannan hali ba.”

Na shiga rantse-rantse, na ce wasa ne da muke yi a Konni, Turawa ma suna yi, manya da gemunsu. Na ciro waya na nuna hoton ɗakina. Wannan ma kuskure ne, don Goggo na ganin mutane birjik a jere kan ƙyaure ta ce, “Kun gani ko? Gari guda ya tara!”

Baba ya daɗe yana juya kwamandan a tafin hannunsa. Sannan ya ce, “Yaro, ni ba ni ba da ɗiyata ga mai bin bokaye, ko shi ke da kamfanin simintin. In sawuna ka zo ɗauka, tashi ka tafi, mun rabu lafiya. In kuwa wasa ne kamar yadda ka ce, to yi shi mu gani.”

A nan na gane ba ni da sauran mutuncin da zan tsare, Balkisa kaɗai ta rage, kuma ban shirya rasa ta ba. Na naɗe hannun babbar rigar da aka sha wahalar guga, na durƙusa a gaban dattawan unguwa. Na zazzage jan yashin na tara shi tudu. Na kifa kofin shayi na ce wannan ganuwa ce. Na ɗora kwamanda a bisa tudu, na sa marar kai da mai ƙusa daga ƙasa, na ce su ne abokan gaba. Na yi bayanin cewa kowane soja taƙi ɗaya yake tafiya, in zai yi harbi sai an jefa ɗan ludo. Na auna da yatsu, na matsar da marar kai. Na jefa. Bai samu ba. Na jefa wa kwamanda, sai ga shida.

To ka san hali. Na saba da Sani, kuma shida ba kullum take fitowa ba. Na manta inda nake. Bakina da kansa ya ce, “Tau! Tau! Tau!” da ƙarfi, na tuntsurar da mai ƙusa da ɗan yatsa, har na ƙara masa da 'yar siririyar murya, “Wayyo, ya kashe ni!”

Da na ɗago, dattawa sun zuba mini ido, baki buɗe. In da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja tabarmar na rufe. Can daga bayan zana, ta cikin gida, sai na ji wata dariya da aka daɗe ana dannewa ta kuɓuce. Na san muryar, Balkisa ce. Gemun Baba Mahamadu ya fara motsi. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma sai da ya kwanta da gefe yana share hawaye da bakin riga. Zaure ya kece gaba ɗaya, har da Kawu Illa da ya gama sallama ni ɗazu.

Da ya samu numfashi ya ce, “Tamo, kwantar da hankalinki. Wanga ba boka ba ne. Yaro ne, girman jiki kawai ya yi.”

Goggo ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, “Da bokan ne ma da sauƙi. Boka aƙalla sana'a gare shi.”

Kuma ba ta yarda an tashi haka ba. Sai da ta sa na tattara yashin nan tas daga tabarma, na kai shi daidai inda na ɗebo, na zuba, ta miƙo mini tsintsiya na baje shi, mutanen da ke dawowa daga masallaci suna tsayawa kallo. Na dawo zan kwashe sojojina, Baba ya miƙo mini biyu, ya jefa kwamanda a aljihunsa.

“Wanga ya zauna nan,” in ji shi. “Na yarda ba sihiri ba ne, amma ba ni so a je Konni ana harbina.”

A hanyar komawa, lokaci-lokaci sai in ji moto yana girgiza, in gane Kawu Illa dariya yake a bayana.

An ɗaura aure bayan girbi. Yau muna nan lafiya lau a Malbaza, ƙyauren yana ɗakin baya, Balkisa ce ma ke rina mini garin katako, don ta ce koren da nake haɗawa kamar miyar kuka yake. A Badaguishiri ba wanda ya riƙe sunana, daga liman har mai sayar da mai a bakin hanya Kwamanda suke ce mini. Kwamandan gaskiya kuwa yana bisa rediyon Baba, in an yi baƙi ya sauko da shi ya ba da labari, kuma kullum “tau-tau” ɗin ƙaruwa yake. Goggo Tamo ta sauko, muna wasa da dariya, amma har gobe in na shiga gidan sai na ga ta sa takalmi.

Na koyi darasi dai: yanzu ko tsakuwa zan ɗauka a ƙofar wani, sai na yi sallama na roƙa, mai gida ya yi mini kallon mahaukaci a gabana, ya fi a tara mini unguwa. Jan yashin kuwa na same shi daga baya. Da aka kwashe albasa, direban da ya kawo mana buhun da Baba ya aiko ya miƙo mini wani ƙunshi daban, mai nauyi, yana ƙunshe dariya. Ya ce, “Tsoho ya ce a ba Kwamanda. Wai a gaya maka daga bisa tudu ya ɗebo da hannunsa, ya duba da kyau, babu sawun kowa ciki sai na akuya.”