Yadda Za Ka Kashe Rarar Harajin da Ba Ta Zo Hannunka Ba

Ya kai ma'aikaci mai faɗin baki! An yanke maka haraji fiye da kima, an ce za a maido maka da rarar? Bi matakan nan. Na ba ka tabbaci, sunanka zai zagaya dangi kaf.

1. Fara da alkawari

Tun ba ka cike fom ba, zaunar da uwargida, ka kashe murya: "Hasken idona, kin gama roƙon ƙanƙara a maƙwabta. Firji na nan tafe." Bar ta ta share masa kusurwa a falo, ta buga wa yayarta waya.

2. Raina wa'adi

Marasa aikin yi ne ke cike fom da wuri. Kai babban mutum ne. Ɗora kofin shayi kan takardun albashinka har su yi zobe.

3. Ranar ƙarshe

Dab da tashi daga aiki, buɗe shafin hukumar haraji. Zai ƙi buɗewa. Zagi shafin, zagi kwamfutar. In ya buɗe, kada ka tsaya dube-dube. Rubuta lambar asusun da ta fara faɗo maka a ka. Zuciya ba ta ƙarya, in ji masana.

4. Jira da taƙama

Wata zai bi wata, ana ta share kusurwar nan. In uwargida ta ce, "Baban yara, wai firjin nan a ƙafa yake tahowa?" ja tsaki: "Ke ba ki san gwamnati ba."

Tafi ofishin haraji ka bubbuga tebur. Ma'aikaciyar, ko ɗago kai ba za ta yi ba: "Malam, ai tuni aka biya ka."

5. Karɓi godiya

Koma gida, ajiye waya kusa da uwargida, faɗa wanka. Saƙon murya zai shigo daga tsohuwar budurwarka, wadda ka haddace lambar asusunta zamanin da kake tura mata rabin albashi:

"Wayyo, ashe ba ka manta da ni ba! Na ga alat. Har na sayi firji."

Ci gaba da waƙa a banɗaki. Kana da murya.

Gargaɗi: Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai san matarka ba, bai ga firji ba. In ka fito ka tarar an jefa maka tabarma da filo a kusurwar nan, babu ruwansa. Ka dai gode, wurin a share yake.